Kwazazzabon da Birni Ya Taras a Gefensa, a Bar Shi Ya Sha Iska

A bakin ƙofar wani kwazazzabo da aka keɓe a gefen wani babban birni na ji maganar da ta sa ni wannan rubutu. Wani mutum ne ya iso da iyalinsa a mota, mai gadi ya tambaye shi ko ya yi rajistar lokacin shiga, ya ce bai yi ba. Aka ce masa wuri ya cika, sai dai ya jira waɗanda ke ciki su ragu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Haba Malam, duwatsu ne fa da ƙaya. Su ma sai an bi musu layi?" Wanda ke zaune kusa da shi ya nuna gangaren da hannu ya ce, "Dubi asarar fili. Mutane na neman wurin kwana, an killace wa ƙadangaru."

Maganar farko ba ta dame ni ba, fushin mai jira ne, kowa na yin sa. Ta biyun ce ta tsaya min a rai, domin ba a bakin ƙofa kaɗai ake faɗinta ba. Ana faɗinta a ofisoshin da ake raba filaye, da lafazi mai laushi da taswira a hannu, kuma a can idan aka faɗe ta katafila ce ke biyo baya.

Ni dai ga inda na tsaya. Kwazazzabon da birni ya girma ya taras a gefensa a bar shi yadda yake. A hana gini a bakinsa da kan gangarensa, a kuma ƙayyade yawan masu shiga, ko da hakan zai sa wasu su koma gida ran nan ba su ga komai ba. Cikin abubuwan nan biyu hana ginin ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, duk da cewa layin bakin ƙofa ne mutane suka fi gani, shi suka fi yi wa ƙorafi.

"Mutane na neman wurin kwana"

Gaskiya ne, kuma ba zan yi wasa da wannan ba. Fiye da rabin mutanen duniya yanzu a birane suke zaune, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa zuwa 2050 za su kai kashi 68 cikin ɗari. Dukansu sai sun sami inda za su sa haƙarƙarinsu.

Amma gidan da ake ginawa a bakin kwazazzabo, wa ke shiga cikinsa? Abin da dillali ke sayarwa a irin wannan wuri shi ne kallo: taga mai fuskantar duwatsu, iska mai sanyi da yamma, shiru. Mai neman ɗaki ɗaya da zai raɓe da 'ya'yansa ba ya cikin lissafin. Sunansa kawai ake ara a ranar neman izinin gini, daga nan an manta da shi.

Gangare ma ba wurin gini mai sauƙi ba ne. Sai an fasa dutse, an yi katangar tokare ƙasa, an jawo bututun ruwa da wayar lantarki zuwa sama, an yi titi mai lanƙwasa da motar kwasar shara za ta iya bi. Duk wannan kuɗi a kan mai saye yake komawa. Idan talaka ya samu wuri a kwazazzabo, a ƙasa yake samu, a tsakiyar hanyar ruwa, inda babu wanda ya so.

A yammacin birnin Las Vegas na Amurka akwai Red Rock Canyon, kwazazzabon jajayen duwatsu da gwamnatin ƙasar ta keɓe a 1990. A shekarar, mutanen gundumar Clark, inda birnin yake, ba su kai dubu 750 ba. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 2 da dubu 200. Unguwanni suka yi ta matsowa har suka kusa taɓa iyakar wurin. Akwai wani tudu mai suna Blue Diamond da ke kallon kwazazzabon, inda aka daɗe ana haƙar ma'adinai, kuma yana wajen iyakar da aka shata. Wani attajiri ya mallaki wurin ya ce zai gina dubban gidaje. Aka shafe shekaru ana tafka shari'a. A 2024 gundumar ta amince ta biya kamfaninsa dala miliyan 80, ta kuma ba da damar gina gidaje 3,500.

Wato jama'a sun biya, kuma ginin zai tabbata. Da an haɗa tudun cikin iyaka tun lokacin da babu mai kallonsa, da ba a kai nan ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa ne ya haƙa shi, kuma bai gama da shi ba

Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasan kwazazzabo da rani, ya ɗaga kai, zai ga wani abu. Busasshiyar ciyawa da ƙirare da tsummokara sun maƙale a reshen bishiya, sama da tsayin mutum, duk sun karkata gefe guda. Ƙarƙashin ƙafarka yashi ne busasshe, ko ɗigon ruwa babu, amma duwatsun gefe sun yi santsi, an goge musu kaifi. Waɗannan tarkace da ke sama da kanka, nan ruwa ya kai a zuwansa na ƙarshe.

Kwazazzabo hanyar ruwa ce. Ruwan da ya sauka a kan tudun da ke kewaye, mai faɗin kilomita da yawa, duk nan yake tattarowa ya wuce ta matsatsin wuri. Muddin tudun nan ƙasa ce da ciyawa da saiwoyin itatuwa, yawancin ruwan nutsewa yake yi, ya riƙa tsattsafowa a hankali, shi ya sa ake samun ɗan idon ruwa a gindin dutse watanni bayan damina ta wuce. A wurin nan tsuntsaye da dabbobi ke sha.

To a shafe tudun da kwalta da siminti da rufin kwano. Ruwan ba shi da inda zai nutse. Yakan taru a kwata, ya shiga bututu, ya faɗo kwazazzabon gaba ɗaya cikin ɗan lokaci, ɗauke da baƙin man mota da leda da takin da aka zuba wa ciyawar ƙofar gida. Sai ya ci gefen rafin, ya tumɓuke itatuwan da suka riƙe ƙasa, ya wuce da ƙarfinsa zuwa unguwannin da ke ƙasa. Idon ruwan kuwa ya ƙafe, tunda babu abin da ya nutse da zai ciyar da shi. Mutumin da ya yi gini a sama ba zai taɓa ganin ɓarnar ba. Wanda ke can ƙasa, wanda wataƙila bai taɓa taka kwazazzabon ba, shi ruwa zai shiga wa ɗaki.

Birnin Riyad na Saudiyya ya ɗanɗana wannan. Wadi Hanifa kwari ne mai tsawon kusan kilomita 120 da ya ratsa ta birnin, a bakinsa tsohon garin Dir'iyya yake. Da Riyad ta bunƙasa sai kwarin ya zama wurin haƙar dutse da yashi na gini, wurin jibge ɓaraguzai da shara, kuma matattarar ƙazamin ruwan birni. Daga baya hukuma ta dawo tana kwashe sharar, tana gyara hanyar ruwan, tana dasa itatuwa, ta kuma gina wurin tace ruwa ta hanyar ƙananan halittu da tsirrai. Aikin ya yi kyau har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a fannin gine-gine a 2010, yanzu iyalai na zuwa shan iska a wurin. Ana yawan kawo shi a matsayin labarin nasara, kuma nasarar ce. Ni abin da nake gani a ciki shi ne shekaru da dukiyar da aka kashe domin a dawo da abin da tun farko yana nan kyauta. Birane nawa ne ke da aljihun Riyad?

"To a zagaye shi da shinge, a yi gini har bakinsa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi kama da sulhu, shi ya sa ta fi saurin karɓuwa. Kowa ya samu nasa: dabbobi a ciki, mutane a waje. Matsalar ita ce shinge mutum kawai yake tarewa, shi ma ba ko da yaushe ba.

Hasken fitilun unguwa yana tsallake shinge, ya rikita dabbobin da ke fita da dare. Ƙarar motoci na tsallakewa. Kyanwoyi da karnukan gida na bi ta ƙasa su shiga farautar tsuntsaye. Irin shuke-shuken ado da aka kawo daga wata nahiya iska na ɗaukarsa ta watsa a gangare, ya danne tsirran wurin. Maganin ɓera da aka ajiye a bayan gida kuwa, ɓera ya ci, mujiya ko dila su ci ɓeran, gubar ta bi su.

A birnin Los Angeles an yi wani zakin tsauni da masu bincike suka sa wa lamba P-22. Ya tsallake manyan tituna biyu ya shiga tsaunukan Griffith Park, ya zauna can kusan shekara goma, birni ya kewaye shi ta ko'ina, babu mace, babu hanyar fita. A 2014 an kama shi yana fama da ƙazuwa, aka kuma sami gubar ɓera a jininsa. A Disambar 2022 aka kashe shi da allura bayan an gano mota ta buge shi ga kuma wasu cututtuka. A shekarar ne aka fara gina wata katafariyar gada a kan babban titin 101, wadda dabbobi kaɗai za su riƙa bi, a kan kuɗin da aka ƙiyasta a lokacin zai kai wajen dala miliyan 90. Wannan kuɗin buɗe hanya ɗaya tak ke nan bayan an riga an toshe ta.

Gandun dajin Nairobi a Kenya, wanda aka kafa a 1946, mai faɗin murabba'in kilomita 117, an yi masa shinge ta ɓangare uku aka bar kudu a buɗe domin dabbobi su riƙa fita filayen Kitengela su dawo. Babu wanda ya rufe wannan ƙofa da doka. Fuloti-fuloti aka yi ta yankawa, kowa ya kewaye nasa, har ƙaurar da dabbobin ke yi ta ragu ƙwarai. Iyakar gandun tana nan a takarda yadda take.

Sai wuta. Wuta ta fi gudu idan tana hawa gangare, kuma kwazazzabo na zuƙo iska ya tura ta sama kamar bututun hayaƙi. A watan Yunin 2012 gobarar Waldo Canyon ta fito daga tsaunuka ta faɗa unguwannin gefen birnin Colorado Springs na Amurka, ta cinye gidaje 346. Filin da aka bari babu gini tsakanin daji da unguwa, wanda ake kira asara, shi ne inda 'yan kwana-kwana ke samun wurin tsayawa.

Layin bakin ƙofa

Yanzu mu dawo kan ƙayyade masu shiga, abin da ya fi ɓata wa mutane rai.

A lura da hanyar ƙafa a irin waɗannan wurare. Da farko siririya ce, mutum ɗaya take ɗauka. Idan jama'a suka yi yawa, mai sauri ya kauce gefe ya wuce na gabansa, mai ɗaukar hoto ya ratse ya hau dutse, wani ya ga lanƙwasa ta yi masa nisa ya yanke kai tsaye. Kowa taku biyu ko uku ya yi, babu wanda ya yi da mugunta. Bayan 'yan shekaru hanyar ta zama faɗin titi, ga wasu ƙananan hanyoyi sun tsaga gangaren, kuma kowace ɗaya ta zama magudanar da ruwa zai bi ya zaizaye ƙasa. A wuraren da ke da ƙarancin ruwan sama akwai wani ɓawon ƙasa mai duhu-duhu, wanda ƙananan halittu ne suka saƙa shi, shi ke riƙe yashi kada iska ta kwashe. Takalmi ɗaya na farfasa shi, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo.

Wurin da ke nesa da gari nisan ne ke kare shi. Wanda ke bayan gari, da za a iya zuwa bayan an tashi daga aiki, ba shi da wannan kariya, dole a ƙirƙira masa ita.

Kuma an gwada, ya yi aiki. A Sabino Canyon da ke gefen birnin Tucson na Amurka an hana motocin jama'a shiga tun 1978, sai dai a taka da ƙafa ko a hau motar wurin. Gandun Zion, shi ma a Amurka, ya fara jigilar baƙi da bas a 2000 bayan cunkoson motoci ya yi wa kwarin yawa. Red Rock ɗin da na ambata, daga Oktoba zuwa Mayu sai ka yi rajistar lokaci kafin ka shiga titinsa na kewaye da mota. Mutane sun yi gunaguni a ko'ina, suka kuma ci gaba da zuwa.

Sai dai a nan akwai inda nake tare da masu ƙorafi, kuma ba kaɗan ba. Ƙayyade yawa daban, tace mutane da kuɗi daban. Idan hanyar rage cunkoso ita ce a tsawwala kuɗin shiga, an rage cunkoson, amma an zaɓi waɗanda za su shiga tun daga gida. Haka idan rajistar sai ta intanet kawai, da katin banki, kwanaki kafin zuwa. Ma'aikacin da bai san ranar hutunsa ba sai ana gobe, da dattijon da ba ya ma'amala da irin wannan waya, an kore su ba tare da an ce musu kada su zo ba. Abin gyarawa ne mai sauƙi: a ware wani kaso na gurbin kowace rana ga wanda ya zo ƙofa kai tsaye, a bar mai ƙafa da mai keke su shiga ba rajista, a sa motar haya ta gari ta riƙa tsayawa a bakin ƙofar. Abin mamaki ne a ce wuri yana bayan gari amma sai mai mota ke iya kai wa gare shi, alhali motar ce ta fi kowa cin wuri a ciki.

Masu cewa a rufe shi gaba ɗaya

Akwai wasu daga ɗaya ɓangaren, masu son daji fiye da kima, da ke ganin mutum ko ɗaya ɓarna ne. Wasu kuma tsoron haɗari ke sa su faɗi haka, kuma haɗarin na gaske ne. A watan Agustan 1997 ruwa ya kashe 'yan yawon buɗe ido 11 a Antelope Canyon da ke jihar Arizona, alhali a inda suke ba a yi wani ruwan kirki ba, can nesa hadari ya zubar. A farkon Satumbar 2019 mutum bakwai suka rasu a kwazazzabon Hell's Gate na Kenya ta irin wannan hanya. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce yau ba a shiga, ga hadari a kan tudu, ko da rana na ƙwallewa a inda kake, ba gardama ake yi da shi ba. Rufewar yini guda ko mako guda ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari.

Rufewa ta dindindin kuwa ban yarda da ita ba. Wurin da babu mai zuwa, babu mai ganin tifar da ke juye ɓaraguzai a cikinsa da tsakar dare, babu mai lura da cewa an matsar da dutsen iyaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mutanen da ke zirga-zirga a wurin su ne ke fara ganin tsagar. A kudu maso gabashin Alƙahira, dab da unguwar Ma'adi, akwai Wadi Degla, kwarin farin dutse da Masar ta keɓe a 1999, inda ake ganin burbushin halittun teku a jikin duwatsu. Birni mai mutum sama da miliyan 20 na numfashi a wuyansa, ga masana'antun yankan marmara a kusa, ga ledar da iska ke kwasowa daga bola tana maƙalewa a ƙaya. Masu zuwa tafiyar ƙafa da hawan keke a wurin suna cikin masu fitowa tsintar ledar, su ne kuma ke ɗaga murya idan aka ga gini na matsowa.

A ranar da za a zauna a yanke shawara kan filin da ke bakin kwazazzabo, mai son gini zai zo da lauyansa da taswirarsa da alƙawarin haraji da ayyukan yi. Ɗaya kujerar kuwa sai wanda ya san wurin da ƙafarsa zai zauna a kanta. Shi ya sa idan za a ware gurbin shiga kyauta, ni 'yan makarantun unguwannin da ke kusa zan fara ba wa, a ranakun aiki da safe lokacin da wurin ajiye motoci yake fayau, tare da ma'aikacin da zai nuna musu inda ruwa ya kai bara da kuma inda dutsen iyaka yake.